Tambaya da Amsa: Yadda Ake Auna Jikin Ƙwayar Sankara da Sauti

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon daga Bauchi da Gombe suka zo, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: fasahar nan ta tura ƙwayoyin halitta da sauti a cikin siririyar magudanar gilashi domin a san yanayin jikinsu, musamman ƙwayoyin sankara. Mun ɗauki shida. Mun rage tsawon tambayoyin, amma ba mu sauya ma'anarsu ba.

Assalamu alaikum, malamai. Ina aji uku a fannin fiziks. An ce mana ana iya auna taurin ƙwayar sankara guda ɗaya tak da sauti, ba tare da an taɓa ta ba. Abin bai shige ni ba. Yaya sauti zai auna abin da ido ma ba ya gani? — Ɗalibi daga Yalwa, Bauchi

Wa alaikumus salam. Fara da abin da ka riga ka sani. Idan ka barbaɗa rairayi a kan fatar ganga, aka riƙa buga gefenta a hankali, rairayin zai bar inda fatar ke rawa ya taru inda ta lafa. Wani masanin Jamus, August Kundt, ya nuna makamancin haka a 1866 da ƙura a cikin bututun gilashi. Abin da ake yi yau shi ne wannan ɗin dai, sai dai an mayar da shi cikin ruwa, an kuma ƙanƙantar da shi matuƙa.

Ana sassaƙa magudana a jikin gilashi ko silikon, faɗinta maikron 375, zurfinta kamar 150. Maikron ɗaya shi ne milimita ɗaya da aka raba gida dubu, wato faɗin magudanar bai wuce silin gashin kai biyar an jera su ba. A ƙarƙashi sai a liƙa ɗan fallen fiezo, wani irin tangaram ne da ke karkarwa idan an ba shi wuta mai kai-da-komo. Ana kaɗa shi sau miliyan 2 a daƙiƙa, wato megahaz 2. Kunnen mutum iyakarsa wajen sau dubu 20, don haka ba za ka ji komai ba.

Yi lissafin da kanka. Gudun sauti a ruwa kusan mita 1,500 ne a daƙiƙa. Raba shi da miliyan 2, ka sami tsawon igiyar sautin maikron 750. Rabinsa 375, daidai faɗin magudanar ke nan. Saboda wannan dacewar, igiyar da ta tafi da wadda bango ya dawo da ita sai su haɗu su tsaya cak. Matsin ruwa yana hawa da sauka sosai a jikin bangaye biyu, amma a tsakiyar magudanar akwai layi ɗaya da matsin ba ya motsi. Can ƙwayoyin ke gudu su jeru.

Ƙarfin da ke tura su ya rataya ne a kan abu uku: girman ƙwayar, nauyinta gwargwadon girmanta idan an gwada da na ruwan, da kuma matsuwarta, wato yadda girmanta ke raguwa idan aka matse ta ta ko'ina. Masanin Rasha Lev Gor'kov ne ya tsara lissafin a 1962. Na biyu da na uku ana haɗa su cikin lamba ɗaya, Φ = ⅓ [(5ρ − 2ρ₀)/(2ρ + ρ₀) − κ/κ₀], inda ρ ke nufin nauyi, κ matsuwa, masu sifili kuma na ruwan ne. Idan Φ ta ɗara sifili, abu zai nufi tsakiya. Idan ta gaza sifili, sai ya nufi bango. Za ka iya ganin wannan da madarar shanu da aka surka da ruwa sosai: ɗigon maiƙon ya fi ruwa sauƙi, ya kuma fi shi matsuwa, don haka bango yake komawa, alhali ƙwayar jini ko ta yis tsakiya take zuwa.

To ina awon yake? A cikin gudun. Ƙarfin turawa yana ƙaruwa da girman ƙwaya ninki uku a kan kansa, turjiyar ruwa kuma tana ƙaruwa da girman sau ɗaya kawai, saboda haka gudun yana bin girman ne ninki biyu a kan kansa. Ƙwaya mai faɗin maikron 15 tana samun ƙarfin da bai wuce 'yan gomomin fikoniyutan ba (ma'aunin ƙarfi ne ɗan mitsitsi), ta isa tsakiya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kamara ta ɗauki tafiyar. Ka auna girman a hoton, ka san ƙarfin sautin, ka san kaurin ruwan, ka auna nauyin ƙwayar daban. Abin da ya rage ba a sani ba shi ne κ, sai ka juya lissafin ka fitar da ita.

Malamai, barkanku da aiki. A asibiti kullum muna jin likitoci na cewa ƙullutun sankarar mama tauri gare shi kamar dutse. Amma na karanta cewa ƙwayoyin sankara sun fi lafiyayyu laushi. Wanne za mu ɗauka? — Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Gombe

Malama, duka biyun gaskiya ne. Ki tuna kwandon tumatir a kasuwar Muda Lawal. Idan kika danna kwandon, tauri za ki ji, amma abin da ke ciki laushi ne da shi. Ƙullutun da hannun likita ke taɓawa yawancin taurinsa na zaren kolajin ne da ya taru ya ɗaure kewayen ƙwayoyin, tare da matsin ruwan da ke ciki. Idan aka raba ƙwayar da wannan kwandon, sau da yawa sai a tarar ta fi lafiyayyar 'yar'uwarta laushi, domin ƙashin bayanta na zaren aktin ya sassauta. Ana ganin wannan laushin na cikin abin da ke taimaka mata kutsawa ta matsattsun wurare ta bazu a jiki.

Małgorzata Lekka da abokan aikinta a Krakow ta ƙasar Folan sun nuna hakan a 1999 a kan ƙwayoyin mafitsara, da wata na'ura mai tsinin allura da ke danna ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. A 2007 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka yi awo da irin wannan allurar a kan ƙwayoyin da aka zuƙo daga ruwan ƙirjin masu sankarar huhu, da ta mama, da ta fankiriyas. Suka tarar sun fi lafiyayyun da ke cikin wannan ruwan laushi da sama da kashi 70 cikin ɗari.

Amma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har da waɗanda suka rubuta kundin digiri a kai, kuma shi ne abin da muka fi son masu karatu su riƙe. Laushi iri biyu ne. Ɗauki ledar fiya wata. Da yatsa ɗaya za ki lotsa ta, siffarta ta sauya. Amma ki sa duk ƙarfinki ki ce za ki rage yawan wurin da ruwan ya cika, ba za ki iya ba, sai dai ledar ta fashe. Allurar can tana auna na farko ne, sauyin siffa, kuma lambarsa ga ƙwaya wajen faskal dubu ɗaya take (faskal ma'aunin matsi ne), ko ƙasa ko sama kaɗan. Tafiyar ƙwaya a cikin sauti kuwa na biyun take aunawa, turjiya ga raguwar girma, wanda ya haura faskal biliyan 2. Tsakaninsu ninki miliyan ne da ɗoriya. Na biyun ya fi bayar da labarin abin da ƙwayar ta ƙunsa: yawan ruwa, furotin, maiƙo, da girman cibiyarta.

A 2011 wasu masu bincike a Singafo suka wallafa awon da suka yi da sauti. Ƙwayar sankarar mama ta MCF-7 ta ba da matsuwa 4.22 × 10⁻¹⁰ a kowane faskal, ta hanta HepG2 ta ba da 4.28, ta hanji HT-29 ta ba da 4.04. Lafiyayyun ƙwayoyin da suka gwada sun tsaya wajen 3.8. Shi ruwa kansa 4.5 ne. Ki ga bambancin kashi 7 zuwa 13 ne kawai cikin ɗari, ba 70 ba. Bambanci ne na gaske, amma siriri ne, ƙaramin sakaci a wajen aiki zai haɗiye shi.

Akwai kuma hanyoyin sauti da ke auna sauyin siffar kansa, ta hanyar matse ƙwaya da sauti mai ƙarfi har ta ɗan baje, ko girgiza kumfar iska kusa da ita. Duk wanda ya kawo miki lamba, ki fara tambayarsa wane laushin ya auna, da wace na'ura. A 2018 an haɗa ɗakunan bincike da dama suka auna MCF-7 ɗin nan da hanyoyi daban-daban, sai lambobin taurin suka saɓa da juna har ninki dubu.

Ina shirin binciken digiri na biyu, kuma ba mu da ɗakin sassaƙa silikon. Shin ana iya haɗa wannan na'urar a nan Bauchi? Idan ana iya, ina roƙon matakan dalla-dalla. — Ɗalibin injiniyanci, Gubi

Ana iya, Malam, kuma ba sai da silikon ba. Nemi bututun gilashi mai kusurwa huɗu wanda cikinsa milimita 0.4 ne ta kowane gefe. Ana sayar da su a shirye, sai dai ka yi odarsu daga waje. Gudun sauti a ruwa mai ɗumin digiri 25 mita 1,497 ne. Raba shi da ninki biyu na faɗin, za ka sami wajen megahaz 1.87. Fallen fiezo na PZT mai kaurin milimita 1 yana amsawa kusa da megahaz 2, don haka sun dace. Kada ka yi magudanar da robar PDMS da ɗalibai suka saba zubawa. Sauti yana ratsa ta kusan yadda yake ratsa ruwa, ba ta dawo da shi, gilashi kuwa yana dawo da mafi yawansa. Ita PDMS wurinta shi ne ɗaya tsarin, inda ake gudanar da sautin a saman fallen litiyam niyobet da siraran yatsun ƙarfe, a megahaz 10 zuwa sama, wannan kuwa yana buƙatar ɗakin da ka ce ba ku da shi.

Liƙa fiezon da sufa gulu, ɗigo ɗaya ƙarami, ka danne har gam ɗin ya zama siriri kuma babu kumfa a ciki. Gam mai kauri yana shanye sautin ya mayar da shi zafi. Ka bar wani sashen bututun ya zarce gefen fiezon kaɗan domin hasken maikroskop ya ratsa. Wajen sodar wayoyi ka yi sauri, daƙiƙa biyu ko uku, domin zafi mai yawa yana kashe fiezo har abada. Sauran kayan su ne janareton sigina mai kaiwa megahaz 5 ko fiye, osiloskop da za ka ɗora a kan wayoyin fiezon kansa don ganin boltin da ke isa gare shi, sirinji na mililita 1, siririn tiyon silikon, bawul a baki da ƙarshen bututun, maikroskop mai gilashin ninki 10, da kamara mai ɗaukar hoto 30 ko fiye a daƙiƙa. Kamarar waya tana sauya saurin ɗaukarta da kanta, wannan kuwa yana ɓata lissafin lokaci, sai idan ka kulle saurin.

Kafin ka taɓa ƙwayar halitta, fara da ƙananan ƙwallayen folistirin masu faɗin maikron 5 ko 10. Su ne ma'auninka, domin an san nauyinsu, kilogiram 1,050 a kowace mita mai cika, an kuma san Φ ɗinsu a ruwa wajen 0.17 ce. Wanke bututun da sifirit na kashi 70, sannan ruwan da aka tace, sannan ruwan gishirin PBS. Sifirit yana jiƙa gilashi sosai, shi ya sa yake korar kumfa. Cika da ƙwallayen, rufe bawul biyun, jira ruwan ya tsaya cik. Sa bolt 5 zuwa 10, ka riƙa hawa daga megahaz 1.7 zuwa 2.1 da taku na haz dubu 5. Inda ƙwallayen suka fi saurin jeruwa, nan ne muryar bututunka, rubuta ta. Ba lallai ta zo daidai da lissafi ba, domin kaurin gilashin da gam ɗin suna da ta cewa. Sannan yi wannan gwajin: ninka bolt sau biyu, gudun ya kamata ya ninka sau huɗu. Idan bai yi ba, ko dai fiezon na zafi ko janareton ya gaza ɗaukar nauyin, sai ka ƙara amfilifaya.

Daga nan ka koma kan yis na burodi da madara. Ba su da tsada, ba su da haɗari, kuma za su koya maka hannu.

Shirya ƙwayoyin sankara kuwa aikin masu ɗakin rainon ƙwaya ne, ka nemi abokin aiki daga cikinsu. Ana ɗaukarsu idan sun rufe kashi 70 zuwa 80 na gindin kwalbar. A ɗauraye da PBS, a zuba tirifsin na kashi 0.25, sinadarin da ke ɓamɓaro su daga jikin kwalbar, a bari minti 3 zuwa 5 a digiri 37, a tsayar da shi da abincin raino mai ruwan jini. A juya a sentirifuj da ƙarfin 200 zuwa 300 g na minti 5, a zubar da ruwan sama, a sake dama su a PBS mai albumin kashi 0.5 da EDTA milimola 2 don kada su manne da juna ko da gilashi. A tace da rariya mai ido maikron 40. A ƙirga da shuɗin tirifan na kashi 0.4, rinin da ke kama matattun ƙwayoyi kawai. Idan masu rai ba su kai kashi 90 ba, a zubar a sake. A surka su koma dubu 100 zuwa dubu 500 a mililita, a zuba ƙwallayen folistirin kaɗan a cikinsu. Wannan cakuɗawar tana da muhimmanci. Ƙarfin sautin ba ɗaya ba ne a duk tsawon bututun, don haka ma'auni da abin awo su kasance a hoto ɗaya, a lokaci ɗaya.

Cika, rufe bawul, kunna kamara, sannan kunna sauti. Bayan kowane zagaye tura sabon samfuri. Manhajar Fiji da TrackMate ɗinta kyauta ce, za ta bi maka sawun kowace ƙwaya. Jefar da duk wadda ta taso daga jikin bango ko gindi, domin kusa da gilashi turjiyar ruwa ta fi abin da lissafi ya ɗauka. Jefar da waɗanda suka haɗe biyu.

Saura nauyi. Bututu mai kusurwa huɗu yana da wata fa'ida a nan: sautin na iya ɗaga ƙwayar zuwa tsakiya ta sama da ƙasa ma. Kashe sautin, ka auna lokacin nutsewarta. Ƙwaya mai maikron 15 da ta fi ruwan nauyi da kilogiram 60 a mita mai cika tana sauka wajen maikron 8 a daƙiƙa, wato daƙiƙa 25 ko kusa daga tsakiya zuwa gindi. Dokar Stokes, wato lissafin saurin nutsewar ƙaramin abu a ruwa, za ta ba ka nauyin. Wannan nutsewar tana faruwa a cikin sirinji ma, cikin minti goma sun kwanta, don haka ka riƙa juya shi. Auna ƙwaya 100 zuwa 200 na kowane iri, a ranaku uku daban, kuma ka gama cikin awa ɗaya da cire su daga kwalba.

Mu faɗa maka gaskiya, gilashin da fiezon su ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne inkubeta da ke buƙatar digiri 37 da iskar kabon kashi 5 dare da rana, da wurin adana ƙwayoyi a digiri 80 ƙasa da sifili ko cikin ruwan naitirojin. Tabbatar da sola da inbata kafin ka yi odar ƙwaya ko ɗaya. Idan kuma samfurin mutum za ka taɓa, ko da ɗigon jini ne, sai da izinin kwamitin ɗa'a na asibitin koyarwa da yardar mai jinin a rubuce.

Mun haɗa irin wannan a ɗakinmu. Da safe ƙwallaye suna jeruwa tsaf, da azahar sai su yi kasala ko su ƙi. Lambobin jiya kuma ba sa haɗuwa da na yau. Ina matsalar? — Ma'aikacin ɗakin gwaji, Tudun Wada, Gombe

Zafi ne, ɗan'uwa, kusan babu tantama. Yana shigo maka ta ƙofa biyu. Ta farko gudun sauti: mita 1,482 a digiri 20, 1,497 a 25, 1,520 a 35, 1,529 a 40. Daga 25 zuwa 35 muryar bututun ta matsa da kashi 1.5 cikin ɗari, wajen haz dubu 30, alhali faɗin wurin da take amsawa da kyau sau da yawa bai kai haz dubu 20 ba. Kai kana kan tashar safe, ita kuwa ta sauya tasha. Ta biyu kaurin ruwa: 0.89 a digiri 25, 0.72 a 35. Ruwa ya tsinke, ƙwaya za ta ƙara gudu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da komai na jikinta ya sauya ba. Wanda ya sa lambar digiri 25 daga littafi alhali ɗakinsa a watan Afrilu yana 36, ya ƙirƙiri bambancin da ya fi wanda yake nema girma. Kuma shi kansa fiezon yana ƙara ɗumi idan ya daɗe a kunne.

Ɗora bututun a kan farantin alminiyam, ka liƙa masa fallen Peltier, mai sanyaya ko ɗumama abu da wuta, da ma'aunin zafi na Pt100 dab da fiezon, ka riƙe ɗumin kada ya kauce fiye da rabin digiri. Idan babu wannan, yi aiki da asuba zuwa hantsi, kunna sautin daƙiƙa biyar-biyar da hutu a tsakani, rubuta zafin kowane zagaye, ka sake neman muryar duk rabin awa.

Bayan zafi sai kumfa. Ruwan da aka fito da shi daga firij yana sakin iska yayin da yake ɗumama, kumfa ɗaya kuwa tana karkatar da sautin ta ja ƙwayoyi zuwa kanta. Bar shi ya ɗauki ɗumin ɗaki tukuna. Kumfar tana kuma matsewa ta buɗe kamar sifirin na mota, ruwan ya ci gaba da rarrafe bayan ka rufe bawul. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Tace kowane ruwa da matacin maikron 0.22, ka rufe bakin tiyo. Idan ka ga 'yan abubuwan da ba su kai maikron 2 ba suna kewayawa maimakon jeruwa, ba lalacewa ba ce. Sautin yana haddasa ɗan guguwar ruwa a ciki, kuma ƙananan abubuwa ita ke rinjayarsu.

Sai awon girma, wanda shi ne ya fi yi wa mutane illa a ɓoye. Kuskuren maikron 1 a ƙwaya mai 15, ɗigon hoto biyu ke nan a yawancin kamarori, yana zama kuskuren kashi 13 a Φ. Daidaita kamararka da gilashin ma'auni, ka auna girman kafin ƙwayar ta fara motsi. Saboda wannan matsalar ne a 2016 Per Augustsson na Jami'ar Lund ta Suwidin da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka da Denmak suka fito da wata dabara. Suka jera ruwan ayodiksanol a magudanar, mai nauyi a tsakiya, mai sauƙi a gefe. Kowace ƙwaya sai ta yi tafiya har inda ruwan ya zama daidai da ita a wajen sauti, ta tsaya nan. Wurin tsayuwar ne amsar, girma kusan bai shiga ba.

Su kansu ƙwayoyin suna sauyawa. Tirifsin da ya wuce lokaci, ruwan da gishirinsa ya kauce har suka kumbura ko suka motse, kwalbar da ta cika maƙil, raino da aka maimaita sau da yawa, gurɓatar ƙwayar cutar maikofilazma, duk suna taɓa lambar. Wadda aka daskarar da fomalin kuma ba a gwada ta da mai rai. Sannan ka ɗora kayan a kan inbata mai tsabtar wuta. Sauyi daga NEPA zuwa janareta a tsakiyar ɗauka ya isa ya ɓata zagayen.

An ce na'urar tana tsamo ƙwayar sankara daga cikin jini. Haka ne? Kuma sautin ba ya kashe su? — Malamar jinya, Kumo

A ɗakin bincike an yi. Ƙungiyar Thomas Laurell a Lund ta raba ƙwayoyin sankarar mafitsarar maza, wato furostet, daga fararen ƙwayoyin jini a 2012, ƙungiyar Tony Jun Huang a Amurka kuma ta gwada da jinin masu sankarar mama a 2015. Girma ne ke yin yawancin aikin, domin ƙwayar sankara takan kai maikron 15 zuwa 20, farar ƙwaya kuwa ta fi ƙanƙanta. Wahalar ita ce mililita ɗaya na jini yana ɗauke da jajayen ƙwayoyi wajen biliyan 5 da farare miliyoyi, na sankarar kuwa ƙila 'yan ƙalilan ne da za a ƙirga da yatsu, ƙila babu. Dole a fara cire jajayen, kuma ƙananan ƙwayoyin sankara suna sajewa da farare su ɓace. Game da kisa, a irin ƙarfin da ake amfani da shi na 'yan daƙiƙoƙi suna fita da rai har su ci gaba da hayayyafa. Abin da ke kashe su shi ne zafin fiezo da kumfa.

Mahaifiyata tana da ƙullutu a mama wata huɗu ke nan, ba ya ciwo. Tana tsoron allura, ta ce daji ba ya son ƙarfe. Wani ya ce mana an ƙirƙiro na'urar sauti mai gano shi ba tare da yanka ba. A ina za mu same ta, ko mu jira? — Wata 'yar'uwa daga Azare

Hajiya, Allah Ya ba Mama lafiya. Kada ku jira ko mako ɗaya. Na'urar da muke magana a kanta kayan bincike ce, ba a gano cutar mara lafiya da ita a kowane asibiti, a nan ko a Turai. Kuma ko ita sai an fara ciro ƙwayoyin daga jiki. Sikanin da kuka sani shi ma da sauti yake aiki, amma hoton ƙullutun yake nunawa, ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Rashin ciwo ba alamar lafiya ba ce, sankarar mama a farkonta yawanci ba ta ciwo. Ƙullutu da yawa kuma ba sankara ba ne, amma ba a sani sai an duba. Likita zai taɓa ya duba har da hamata, a yi sikanin ko mamogiram, sannan a kashe wurin da allurar hana jin zafi a ciri ɗan tsoka siriri kamar tsinken ashana. Aikin 'yan mintuna ne, ta koma gida a ranar. Maganar ƙarfe kuwa, ki lallashe ta da girmamawa. Abin da ya sa ake ganin haka shi ne yawancin mutane ba sa zuwa sai cutar ta riga ta yi nisa, sai a ɗora laifin a kan allurar da aka yi daga baya. Gwajin ba ya sa ta bazu, jinkirin ne ke ba ta lokaci.

Ku fara da asibitin tarayya da ke nan Azare, ko asibitin koyarwa na ATBU a Bauchi, ko na tarayya a Gombe, ku nemi sashen tiyata. Idan an ciri tsokar, ku tabbatar an sa ta nan take a fomalin na kashi 10, an rubuta lokacin a jikin kwalbar, kuma ta isa ɗakin gwaji da wuri, domin ƙa'idar zamanta a fomalin awa 6 ce zuwa 72. Idan sakamako ya nuna sankara, ku tambayi gwajin ER da PR da HER2, su ne ke nuna irin maganin da zai yi mata aiki. Ku tafi da katin asibitinta, da duk magungunan da take sha har da na gargajiya, ku kuma faɗa wa likita idan tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini kafin a yi allurar.